Mai da Shi Bakin Gulbi

Ran Asabar ɗin da ta wuce ɗana Lawal ya dawo daga kabu-kabu tun kafin la'asar, abin da bai saba ba. Wani fasinja ya kai Kankiya, ya biya ta shagon masu saida finafinai, ya tarar na biyun da yara ke ta jira ya fito a faifai. Bai gama kafe mashin ba suka yanyame shi. Kafin a tada inji har 'ya'yan maƙwabta sun cika mana tsakar gida nan Kusada, kowa da ɗan buhun da zai zauna a kai.

Fim ne na wasu mutanen ƙetare da aka juya da Hausa: miji da mata da 'ya'yansu uku, sun shiga duwatsu neman wani tsohon gari da ya ɓace. Na ɗayan na gan shi ya fi a ƙirga, don kusan shekara guda ba a kunna wani abu a gidan nan sai shi. A ƙarshensa uban ya yanke igiyar gada don iyalinsa su tsira, shi kuwa ya faɗa ƙasa daga kan dutse. Jikata Nafisa kwana biyu ta yi ba ta cin tuwon kirki.

To, na biyu na farawa sai ga uban da gemu buzu-buzu, wai reshen itace ne ya tare shi. Yara suka ɗauki ihu. Ni ko na ce, "Wa ya dasa reshen?"

Jikana Abba ya ce, "Kai, tsohuwa, ki bari mu ji mana."

Na ce, "Angona, dutsen nan na san shi kamar tafin hannuna. Ƙwal yake, ko tsinken ciyawa babu."

"Ke da ko bihim ba ki sani ba, za ki gyara wa masu fim?"

"Su sun san bihim, ba su san dutse ba. Sa na ɗayan mu gani."

Don ya kunyata ni ya sa. Aka tsayar da hoton daidai wurin. Dutse fayau kamar kan jariri. Lawal ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ku dai ku kiyayi Inna." Ban shiga aji ba, gaskiya ne, amma ni ma na yi makaranta, kuma malamata ba ta da sauƙi.

A Kunduru na tashi, gidan kakata ta wajen uba, Iya Kulu. In an cire gyaɗa an shanya ta bushe, aikin yamma shi ne ɓara. Da an ci tuwo sai a hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta, mu jikoki mu kewaye tulin gyaɗa, muna ɓarewa muna jefa ɓawon a wuta yana ƙara. Wanda hannunsa ya tsaya, labari ya tsaya. Iya ba ta da haƙori ko ɗaya a lokacin, amma in ta yi muryar kura sai ka waiga bayanka. Kuma ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Ita cewa take, "Ga ta nan tafe da ƙafa ɗaya." Mu ce, "Ta zo mu ara mata ta biyu." In ta gama ta ce, "Ƙurunƙus kan kusu, na kife ƙwarya." Daga nan ko za ka mutu ba ƙari.

Akwai guda da take yi sau ɗaya tak a shekara, kullum lokacin ɓarar gyaɗa.

Wai an yi wata shekara da sama ta hana ruwa. Wani mutum ya ɗora 'yan komatsansa a jaki, ya tasa matarsa da ɗiyansa mata biyu da ƙaninsu Tanko, suka nufi inda aka ce gero na yi. Suka yi ta tafiya har suka iske wani gulbi da ba a hango wancan gefensa. A bakin ruwan ga wani tsohon kada kwance. Ya ce zai ƙetarar da su ɗaya bayan ɗaya, amma ruwan nan ba ya barin a wuce shi kyauta: duk ƙetare guda sai ya cire mashi haƙori guda. Ya buɗe baki. Haƙora huɗu suka rage.

Nan Iya kan tsaya ta ce, "Su nawa ne?" Mu ce biyar. Ta ce, "To ku dai kun iya ƙirga. Uban bai ƙirga ba, yunwa ta rufe mashi ido. Tanko ne ya ƙirga."

Tanko ya ce, ku fara wucewa, ni ina riƙe da jaki. Uwa ta wuce, 'yan mata suka wuce, uba ya wuce. Kada ya dawo baki fayau, ya kwanta. Waɗanda suka ƙetare suka sami ƙasa mai albarka, suka yi noma, rumbu ya cika, 'yan mata suka yi aure. Uwar ko kullum da yamma sai ta dama fura ta kai bakin gulbi ta ajiye, ta dawo.

"Ƙurunƙus kan kusu, na kife ƙwarya."

Shekarar da na fara fidda haƙoran gaba, abin ya ƙi zama mani a ciki. Na ce, "Iya, to Tanko fa?"

Yayyena suka zaro ido, don ba a taɓa yi ba.

Ta ce, "Mi kika ce, ƙawata?"

"Tanko. Shina can har yanzu?"

"Shina can."

"To a je a ɗauko shi mana."

Ta dube ni ta gefen wuta, ta ce, "Hanne, wanda ya buɗe ƙwaryar da aka kife, shi ke zuba mata gari. Ni na kife. Ke kika buɗe. Gobe ki kawo shi gida."

Na kwana ina murna, don a ganina abu ne mai sauƙi. Washegari da aka hura wuta na gyara zama na ce, sai ga wata ƙatuwar mikiya ta sauko ta sure Tanko ta dire shi gaban uwarsa.

Iya ba ta ko ɗago daga ɓarar da take ba. Ta ce, "Mikiyar wa?"

Na ce ta Allah.

"Duk ta Allah ce. Ina take ran da ake ƙetare? Da akwai ta, mi ya sa kada ya yi asarar haƙoransa? Mai da shi bakin gulbi."

Aka fashe da dariya. Yayana Sale ya tashi yana kaɗa hannuwa yana kewaya wuta. Har na yi aure akwai masu kirana Hanne Mikiya a Kunduru.

Kwana biyu na sake shiri. Na ce, sai aka yi rani mai tsanani, gulbi ya ƙafe, Tanko ya tako da ƙafarsa.

"Madalla," in ji Iya. "Gulbi ya ƙafe. To geron da suke ci can da mi ya yi? Kin kashe gari guda don ki fidda yaro guda. In ya iso ya ci mi, yashi? Mai da shi."

Wannan karon na yi kuka. Na ce ita muguwa ce, ita ta bar shi can kuma ta hana a ɗauko shi. Uwata ta ɗaga murya daga ɗaki za ta tsawata mani, Iya ta ce a ƙyale ni. Ta ce, "Ban hana ba. Amma ba a shigo da baƙo cikin labari don ya yi maka aikinka. Abin da ke ciki, shi za ki duba. Mi na bar maki a bakin ruwan?"

Na fi mako ina yawo da Tanko a kaina. Muna roron gyaɗa a gonar da aka cire, ƙawayena na cika ƙwarya, ni ina tsaye da sanda ina lissafi: yaro, jaki, kada marar haƙori, da furar da ake ajiyewa can gefe. Har ga Allah ji nake in ban yi sauri ba wani abu zai same shi, kuma laifina ne. Ko tuwo aka ba ni sai na tuna shi bai ci ba.

Abin ya zo mani ne wata safiya. Wata Bafillatana da ke kawo mana nono ta zo, aka dama wa Iya fura. Ina kallonta tana kurɓa, ga ƙuli-ƙuli a faifai gabanta ba ta ko dube shi ba. Na ce a raina, ashe marar haƙori fura yake sha. Na tashi da gudu har na zubar da ludayi.

Da yamma na ce, "Ga ta nan tafe da ƙafa ɗaya." Iya da kanta ta amsa mani.

Na ce, kada da ya rasa haƙora ya kasa kama ko ɗan kifi. Yunwa ta kai shi wancan gefe, don shi kaɗai ruwa ba ya tambayarsa komai, ya iske fura a ƙwarya, ya shanye. Gobe ma haka, jibi ma haka. Uwar tana ganin ƙwarya wayam tana cewa ɗana ya sha. Shekara da shekaru, har kunya ta kama kada. Ya zo ya ce wa Tanko, na ci abincinka na yi ƙiba, amma ba ni da abin da zan ba ruwa. A lokacin jaki ya tsufa, haƙoransa sun fara girgiɗa. Ɗaya ya faɗo a cikin harawa. Tanko ya ɗauka ya dasa a dasashin kada.

Sale ya ce, "Kada da haƙorin jaki!" Aka yi ta dariya, amma wannan dariyar daban ce, na ji bambancin a jikina.

Na ce, ruwa dai haƙori ya ce, bai ce na wa ba. Tanko ya ce ba zai hau ba sai na biyu ya faɗo, don ba zai bar jakin ba. Suka jira. Na biyu ya faɗo. Kada ya kai jaki, ya dawo ya kai Tanko.

Na dubi Iya ina jiran a ce in mai da shi.

Hannun Iya ya tsaya a kan gyaɗa. Can ta ce, da wata murya da ba ta kura ba ce ba kuma ta kada ba, "Da ya iso, uwar ta gane shi?"

Ban shirya wannan ba. Na ce, "Ta gane shi mana. Tun daga nesa, da tafiyarsa."

"Da tafiyarsa," in ji ta. Ta kau da kai ta ce karan nan ɗanye ne, hayaƙi ya yi yawa. Sannan ta ce, "To kife ƙwaryar, ƙawata. Taki ce."

Daga wannan shekarar, in lokacin ɓara ya zo, ita ke kai su bakin gulbi, ni ke ƙetarar da Tanko. Ba ta sake kifewa a inda take kifewa ba. Wani lokaci ma tana tsakar wani labarin sai ta ce, "Hanne, yi mana na jakin nan."

Fim ɗin su Abba kuwa na zauna na gan shi har ƙarshe, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi daɗi. Akwai inda suka shiga kogo da fitila, na riƙe hannun Nafisa ban sani ba. Reshen nan dai ƙarya ne, kuma na faɗa masu su riƙe. Amma da matar ta ɗaga kai ta hango mijinta, ta saki tulun da ke hannunta, sai na yafe masu rabin laifin. Na lura yaran nan ba duwatsu suka yi shekara suna jira ba, ba kuma tsohon garin ba. An bar wani a baya, suna son a je a ɗauko shi. Duk mai neman na biyu abin da ke ransa ke nan.

Sai bayan Iya ta rasu, ina goyon fari, babana ya gaya mani abin da ban sani ba. Yana da wa. Wata shekarar yunwa, tun babana na rarrafe, wan nan ya bar wa ƙannensa ɗan hatsin da ya rage ya bi masu tafiya kudu, ya ce in kaka ta yi zai dawo a yi ɓarar gyaɗa da shi. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shi ne ɗan farin Iya, kuma kun san mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ba ta da inda za ta yi zancensa. Sai ta ba shi yayye mata biyu da bai da su, ta sa mashi sunan da ba nashi ba, ta tsayar da shi bakin ruwa, ta riƙa kai mashi ziyara sau ɗaya a shekara a gabanmu, muna ɓarar gyaɗa ba mu san komai ba. Shi ya sa ta ƙi mikiyata. Macen da ta yi shekara arba'in tana duban hanya ba za ka rarrashe ta da tsuntsu ba. In za a kawo mata shi, sai ta hanyar da za ta iya yarda da ita.

Yau na girmi Iya a shekarun da ta yi. 'Ya'yana duk ina jin motsinsu, na nesa ma yana bugo waya ran Juma'a, alhamdu lillahi. Na tambayi babana sunan wan nasa a ranar, ya faɗa mani a hankali kamar Iya na jinmu. Ni ba ni na haife shi ba, bakina ba ya da nauyi. Sunansa Ilu.