Sawun Haƙoran Kawu a Wuyan Goge

Jiya wani makaɗi daga Kwalkwalawa ya kawo mini tsohon goge in gyara. Ina juya shi sai na ga sawun haƙora a ƙarshen wuyansa, da giɓi a tsakiya. Giɓin Kawu ne, ƙanen mahaifiyata, wanda na gaji gyaran goge a wurinsa a Ƙofar Marke.

Da ya tsufa ya kurumce, amma bai bar aiki ba. In zai daidaita jaki, ɗan itacen nan da ke tallafe tsirkiya a kan fata, sai ya ciji wuyan gogen, ya rufe ido, yana goga izga a kan tsirkiyar yana matsar da jakin kaɗan-kaɗan har sautin ya zauna masa a ƙashin kai.

Ni kuwa kunya abin yake ba ni. Wata rana a gaban mai kaya na zare gogen daga bakinsa, na auna da tef ɗin tela, na ɗaga murya na ce, “Kawu, wanga shi ne daidai!”

Ya goge bakinsa, ya ce, “To, ɗana.” Tun daga ranar bai sake taɓa goge ba.

Jiya, da makaɗin ya fita, na sa haƙorana a sawun nasa na goga izga. Sautin ya ratsa kaina har sai da na saki.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya mayar masa da jinsa, ya jiyar da shi haƙurin da ban ba shi ba.