Ma'auratan Cikin Kwalbar Alewa

Shekarar da kakata ta rasu, Baba Tsoho ya daina zuwa kasuwa. Shi ne mahaifin babanmu. Fataucin goro ya kawo shi Kwatano tun yana saurayi, har ya samu rumfa a kasuwar Dantokpa. Bayan sadakar arba'in sai ya bar wa babanmu rumfar, ya shimfiɗa buzunsa a barandar gidanmu na Zongo, daga nan sai masallaci. Ko tsokanar da yake yi mini, ya ce wai ni ce amaryarsa amma ban iya tuwo ba, ya bar ta.

Lokacin ina aji biyar a lakwal. Zamanin juyin juya hali ne, kullum da safe sai mun yi layi mun ɗaga hannu mun yi kirari, malaminmu ma ba a ce masa mushe, wato malam da Faransanci, sai kamarad, wato abokin gwagwarmaya.

Wata ranar Asabar kawuna, ƙanin innarmu, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa, ya zo mini da ɗan ƙulli. Ya ce wani baturen jirgi ne ya ba shi. A ciki gari ne ja-ja, kamar niƙaƙƙen barkono.

"Ƙwai ne," in ji Kawu. "Na wasu ƙananan jatan lande. Ki jiƙa gishiri a ruwan rijiya, ki barbaɗa, ki ajiye inda haske yake."

Inna ta ce wasa da hankali ne kawai, amma ta ba ni tsohuwar kwalbar da take sayar da alewa a ciki. Na haɗa ruwan yadda Kawu ya ce, na barbaɗa garin. Wurin da ya fi haske a gidan shi ne gefen buzun Baba Tsoho, can na ajiye ta. Shi dai carbinsa kawai yake ja.

Ba a daɗe ba na ga wasu ɗige-ɗige suna tsalle a ruwan. Nakan roƙo ɗan yis wurin mai fanken ƙofar gidanmu in saka musu da bakin tsinke. Kafin wata ya ƙare sun kai tsawon ƙwayar shinkafa, jikinsu garai-garai har ana ganin hanjinsu, suna iyo a rigingine, ƙafafunsu na kaɗawa kamar gashin tsuntsu.

Ran nan na dawo daga lakwal na tarar wasu sun kama wasu. Masu manyan hannuwa a ka sun riƙe 'yan'uwansu ta baya, ko'ina aka nufa tare ake tafiya. Na ruga kicin.

"Inna, faɗa suke yi! Wani ya shaƙe wani, ya ƙi saki."

Ta zo ta leƙa, sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Ke dai kin cika sa ido. Je ki wanke mini tukunya."

Ban je ba. Na karyo tsinken tsintsiya zan raba su. Hannuna na bakin kwalbar na ji muryar Baba Tsoho.

"Ajiye tsinken nan."

"Baba, zai kashe shi."

"Ita ce, ba shi ba. Kin ga 'yar jakar da ke kusa da wutsiyarta? Mace ce. Wancan mai hannuwan mijinta ne. Tun hantsi nake kallonsu."

Ashe duk kwanakin nan in na tafi lakwal, yakan sa tabarau ya jawo kwalbar gabansa. Ya san su fiye da ni. Ya nuna mini wani namiji da ke ta zagaye shi kaɗai, duk wadda ya kama sai ta fizge ta gudu. "Wannan tuzurun ya ba ni tausayi," in ji shi, "gaggawa ta yi masa yawa." Sai ya yi dariya, har tari ya sarƙe shi. Inna ta leƙo daga kicin da muciya a hannu, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta koma.

Daga ranar muka zama mu biyu a kan kwalbar. In na dawo, shi ke ba ni labari: waɗancan biyun har yanzu ba su rabu ba, jakar wance ta yi duhu, ta kusa haihuwa. Wata rana da la'asar muna kallon wasu ma'aurata suna zagaye, sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kakarki tsoron ruwa take yi. Duk zamanmu a garin nan, sau ɗaya ta shiga kwalekwale, za mu gaisuwa unguwar Avotrou. Ta riƙe mini riga har muka sauka, sai da aljihun ya yage." Ya cire tabarau ya goge da bakin rawaninsa. Na matsa kusa da shi.

Shi ya fara ganin haihuwar. Ina shigowa ya ɗaga mini hannu tun daga zaure. Mace ɗaya na kaɗa wutsiya, 'ya'ya na fitowa daga jakarta a raye, ƙanana kamar ƙura, nan take suka kama iyo. Baba Tsoho ya yi ta faɗin "Allahu Akbar" a hankali.

Da suka yi yawa, ruwan ya fara gurɓacewa. Baba Tsoho ya ce gishirin girkin Inna ne bai yi musu ba, akwai matan da ke kawo gishirin bakin teku Dantokpa, shi ya san inda suke zama. Babanmu ya ce zai sayo, tsohon ya ce a'a, ba zai gane mai kyau ba. Washegari ya sa babbar rigarsa, ya riƙe sandarsa, muka tafi tare.

Gishirin ba mu same shi da wuri ba. Tun daga bakin layin 'yan goro aka fara tare shi, wannan ya jawo masa benci, wancan ya fasa masa farin goro, ana ta yi masa gaisuwa da ƙorafin ya guje su. Ni dai ina tsaye da kwano a hannu har aka kira azahar. A hanyar dawowa ya saya mini abarba, ya ce in riƙe ta da kyau kada Inna ta gani ta ce ya ɓata ni.