Kunnen Mai Niƙa

Mai Niƙa kowa ke ce masa, har matarsa idan ya ɓata mata rai. Tun gashinsa na baƙi yake tsaye gindin injin nan, a wani ɗan shago mai rufin kwano a ƙarshen layi, inda ƙurar gari ta yi wa bango da girarsa fari fat. Inji ya ciyar da shi, ya raina masa 'ya'ya, sannan ya bi kunnensa yana ci a hankali kamar gara.

Shi fa bai yarda ba. Wai mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in za su yi magana. Sai ranar da jikarsa ta faɗi a bakin ƙofa tana tsala ihu, yana zaune dab da ita yana gyaran takalmi ko waiwaye bai yi ba, sannan babbar 'yarsa ta tasa shi gaba sai asibiti. Aka ba shi na'urar ƙara ji, 'yar mitsitsiya, ana maƙala ta a bayan kunne. Matar ta sa mata suna ƙwaro.

Ranar farko har da ƙwalla. Ya ji ɗigar famfo, ya ji cokali na bugun kwano.

"Ashe haka kike da surutu?" ya ce da matar.

"Ashe haka ka daɗe kana hutawa," in ji ta.

Shekara ba ta zagayo ba ƙwaron ya fara kasawa. Aka sauya masa mai ƙarfi, shi ma ya bi sahu. Nan tsoro ya kama bawan Allah. Da can ko babu komai yana jin tsawa, yana jin an buga ƙofa. Yanzu in ya cire abin, kamar an dulmiya kansa cikin ruwa, ga wani siririn fito da ba ya barin kunnensa. Ya ƙudurta a ransa ƙwaron ne ke tsotse masa ji, amma kuma wanda ya fi shi ƙarfi yake nema. Ina ka taɓa jin irin wannan lissafi?

Da suka koma asibiti shi da 'yarsa, matar ta bi su, ba wanda ya gayyace ta. Likitar kunne ta gama gwaje-gwajenta, ta tsaya a gabansa yadda zai ga bakinta.

"Baba, in za ka tada inji, ina kake ajiye na'urar?"

Ya sunkuyar da kai. Matar ce ta amsa.

"Ajiyewa? 'Yar nan, ai lokacin yake murɗa ta har ƙarshe! Mata na zuwa da robobinsu, wannan ta ce a yi laushi, waccan ta ce a barza. Shi kuma kunya ba ta barinsa ya ce a maimaita."

"Baba!" in ji 'yarsa. "Ba ka ce min kana cirewa ba?"

"Na ce ina cirewa in zan kwanta."

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce ya ɗauki rurin inji ne ya ninka shi ya ɗura wa kunnensa kullum. Na hagu abin da ya rage kaɗan ne, kuma jin da ya mutu ba ya dawowa, ko wace na'ura aka kawo. Na dama ne ake fatan tsirarwa: ko ya cire ta ya toshe kunnuwa ruf a wurin aiki, ko ya bar shagon.

"In toshe?" ya ce, muryarsa ta cika ɗakin, don bai san yana ɗaga ta ba. "Da me zan ji bel ya saki? Da me zan san haƙoran inji sun fara cin juna? Ni da kunne nake tuƙa shi."



Kwanaki shagon na rufe, yana zaune a gida yana kallon bakin mutane. Da zaman ya ishi matar, ta ɗauki kujera ta ce ya tashi su tafi. Ta kafa ta a ƙofar shago, ta karɓe masa ƙwaron ta ƙulle a bakin mayafi, ta miƙa masa abin toshiyar da aka ba su.

Haka suke yi yanzu. Ita ke jin abin da masu niƙa ke so, ta murza yatsu idan laushi ne, ta dunƙule hannu idan barza ce. Shi kuma ya ɗora tafinsa a jikin inji yana karanta rawarsa. Wani lokaci ya dace, wani lokaci sai ya ji ƙaurin bel sannan ya sani.

Da yamma ta mayar masa da ƙwaron, su kamo hanyar gida. Rannan tana biye da shi ta gefen dama, ta gefen kunnen da ake riritawa, ta kira shi, ta sake kira, ta ɗaga murya har mai shagon gefe ya leƙo. Sai can ya juyo.

"Kin yi magana ne?"

Ta dubi fuskarsa, ta ga yadda yake jiran amsar.

"Ni? Me zan ce maka? Wuce mu tafi."