Jar Ƙasar Baba Damina

Shekara uku ke nan da rasuwar maƙwabcinmu na unguwar Al Thumama, wani tsoho ɗan ƙasar Ailan da ni na raɗa wa suna Baba Damina. Tun yana saurayi yake zana tsaunuka da gaɓar tekun ƙasarsu, sai da ya tsufa ya biyo 'yarsa mai aikin jinya zuwa Doha. Da sararin sama yake fara kowane zane, kuma in babu gajimare ba ya taɓa fenti. Don haka yakan kafa allonsa a Corniche, can bakin teku, ya zauna jiran hadari. A Doha! Jiragen ruwan da ke ɗaure a wurin ma sun fi shi motsi.

Mamata ce ta ba shi aiki. Ta daɗe ba ta je gida ba, kullum zancenta ƙauyensu na bayan Zariya da damina. Tana kwatanta masa, ina fassarawa, ina ƙara gishiri. Ranar da ya kawo zanen, ta duba shi ta ce:

"Kai, Baba! Duwatsun namu ne, dawar ma tamu ce. Amma wannan baƙar ƙasa ta su wa ce? Tamu ja ce."

Ya haɗa ja iri-iri. Wani ta ce manja, wani ta ce zoɓo aka zubar. Har ya ce khalas, ya haƙura. Sai Mama ta ɗauko kaskon turaren wutarta, abu ɗaya da ta gada daga mahaifiyarta, wanda ko kallonsa na yi sai na sha faɗa. Ta kankare gindinsa da wuƙa. Tsohon ya kwaɓa garin da mai, ya shafa. Mama ta zauna gaban zanen har shinkafarta ta ƙone. Ranar ƙanzo muka ci.

Kwanan baya aka yi ruwa a Doha, na tuna shi. Da yana nan, da ya fita a guje ba takalmi, yana mitar dogayen benayen unguwar Mushairib sun cinye masa rabin sama.

Kaskon yanzu ɗingishi yake, da murfin kwalba muke tokare shi. Zanen yana falo. Gajimaren na ƙasarsu ne, bai taɓa iya namu ba. Amma duk baƙon da ya tambayi Mama ina ne nan, sai ta ɗora yatsa kan jar ƙasar ta ce, "Gida."