Kason Malamar Mandera

Ni na kawo shawarar, wannan ba zan musa ba, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Shekarata ta farko ke nan da aka turo ni aiki wani ƙaramin asibiti a gefen Horo Birni, ni da na tashi a cikin garin Sakkwato, inda in gishiri ya ƙare miki sai ki leƙa ƙofar gida ki saya. A nan kuwa mai tebur ɗaya ne a unguwarmu, komai nasa ƙulli-ƙulli a leda, sukari ƙulli, man gyaɗa ƙulli, garin sabulu ƙulli. Kina saye kina ganin kamar ba ki kashe komai ba, sai wata ya raba tsakiya ki zuge jaka ki ga wayam. Wata uku ina wannan wahala kafin na ce a'a, ba da ni ba.

Sai na tara mata huɗu, dukkanmu baƙi ne da aiki ya kawo. Akwai abokiyar aikina a asibiti, da malamai biyu na firamaren garin, da wata malama da ke koyarwa a Mandera, wadda muka saba da ita saboda yawan kawo yaranta awo da rigakafi. Ta girme mu duka, 'ya'yanta huɗu, ga ta da tsare gida, ba ta dariya sai da dalili. Na ce mu riƙa haɗa abin da ya sawwaƙa duk ƙarshen wata, ni in je Bodinga in yi mana sari, mu raba. Kowa ta ce wannan dabara ce. Ni ma a lokacin haka na ɗauka.

Ranar kasuwa na yi sammako, babur zuwa Shagari, mota zuwa Bodinga. Na sayi buhun shinkafa, da jarkar man gyaɗa, da katan ɗin sabulu, da na taliya, da dunƙulen miya, da ashana. Mai shagon, wani dattijo mai farin gemu, ya tabbatar mini buhun kwano ashirin ne cif. Mu biyar, huɗu-huɗu ke nan, ko ɗan aji biyu ya san wannan. Na dawo da babura biyu, ɗaya ni, ɗaya kaya, ina jin kaina kamar wata babbar 'yar kasuwa.

A gidan da nake haya aka yi rabon. Mai gidan tsohuwa ce da kowa ke kira Inna, ta shekara da shekaru tana awon hatsi a kasuwar Shagari kafin gwiwoyi su zaunar da ita. Da ta ga muna neman fasa buhu da wuƙar girki, sai ta ture mu, ta ɗauko tsohon kwanon awonta, ta warware ɗinkin da zare ɗaya. Ba wadda ta yi gardama. Wa zai koya wa Inna awo? Ta yi bisimilla, ta cika kwano ya yi tozo, ta juye a roba, ta ɗebo da hannu biyu ta ƙara, mai robar ta ce Allah ya ƙara albarka, ta sake cikawa. Haka har kowa ta samu huɗunta. Malamar Mandera ce kaɗai ba ta iso ba, don sai ta tashi daga makaranta ta nemi babur, ba ta zuwa sai bayan la'asar. Muka bar mata nata a gindin buhu.

Da ta zo aka auna. Kwano uku, da ɗan abin da bai rufe gindin na huɗu ba.

Muka yi dariya, muka zagi 'yan kasuwar zamani, kowa ta ɗan tsakura daga nata ta ba ta. Ita ma ta murmusa. Ni kuwa na kwana da mai farin gemu a raina, ina shirya masa maganganu.

Wata na zagayowa na dira a shagonsa da zafina. Na ce: "Alhaji, da girmanka da geminka, buhunka bai cika ba." Bai ɗaga murya ba. Ya sa aka shimfiɗa leda, aka zazzage sabon buhu a gabana, aka auna ina ƙirgawa da bakina. Ashirin, har da ɗan saura. Aka mayar, aka ɗinke ina tsaye. Ya ce: "Hajiya, kin gani da idonki ko? Mu ba mu cin haram." Na fito da kunya, na shiga mota na hana a sa buhun a but ɗin baya, na biya masa kujera kamar mutum, hannuna na kansa har Shagari. A kan babur ma na sa mai kayan a gaba, idona bai bar bayansa ba.

Aka raba, Malama ta zo bayan la'asar, aka auna nata. Uku da kaɗan.

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ta daɗe tana kallon robarta, sannan ta ɗago ta tambaye ni a hankali: "Buhun ga, in kin kawo shi, ɗakin wa shika kwana?"

Na ce: "Ɗakina."

Ta ce: "To." Ta ɗaure robarta da ɗankwali ta tafi.

Wannan "to" ɗin ya fi mari ciwo. Ni ba a taɓa yi mini kallon ɓarauniya ba tunda uwata ta haife ni. Na shiga ɗaki na yi kukan baƙin ciki, sannan na share hawaye na fara bincike kamar mahaukaciya. Na juya buhun ciki da waje ina neman huda, babu. Na janye gado da akwati ina neman kashin ɓera, babu ko ɗaya, Inna na da kyanwa mai aikinta. Na ce ko kwanon Inna ya fi na Bodinga girma? Na saka shi a jaka, na kai shi har shagon mai farin gemu a ranar da ba ta kasuwa ba, muka gwada, bakinsu ɗaya. Mutumin ya dube ni da tausayi, ya ce in riƙa yin addu'a in zan buɗe buhu.

Abin da ya fi ɗaure mini kai, sabulu bai taɓa raguwa ba, taliya ba ta taɓa raguwa ba, ashana haka. Man gyaɗa da muke rabawa da kwalba shi ma daidai yake fita. In ɓarawo ne, wane irin ɓarawo ne zai bar sabulu mai sauƙin ɗauka ya tsaya kwance ɗinkin buhu ya mayar? In aljani ne, me ya sa shinkafa kaɗai yake ci, kuma kwano guda kullum, kamar mai bin umarnin likita? Har kaina na zarga. Na zauna ina tuna ko na taɓa ɗiba na dafa na manta. Mutum in ya rasa wanda zai kama, kansa yake kamawa.

A wata na uku na yi wautar da ta fi duka. Da na ga nata ya sake gazawa, sai na shiga ɗaki na ɗebo kwano guda daga kasona na kawo mata, don a zauna lafiya. Ta dubi kwanon, ta dubi ƙofar ɗakin da na fito da shi, ta ce: "Ashe akwai saura ciki." Na buɗe baki in yi bayani, ta ɗaga hannu. "Riƙe abinki. Ɗiyana ba su saba cin abin da anka ɓoye ba."

Bayan kwana biyu abokiyar aikina ta ja ni gefe. Ta ce Malama ta aiko ba za ta ƙara shiga sarin ba. Wannan da sauƙi. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne, ta ce ta ji wasu mata a layin awo suna raɗa, wai in mutum bai bar shinkafar abokansa ba, ina ga maganin gwamnati da mabuɗin ɗakin ajiyarsa ke hannunsa. Mabuɗin kuwa a hannuna yake. A ƙauye in sunanki ya ɓaci, babu inda za ki kai shi wanki. Na ga aikina da mutuncina suna shirin tafiya a kan kwanon shinkafa ɗaya da ban ci ba, ban kuma san wanda ya ci ba.

Na hau babur na je Mandera da kaina. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida. Ban zauna ba, na ce: "Malama, don girman Allah ki ƙara wata ɗaya tak. Buhun ba shi kwana ɗakina, ba a buɗe shi sai kin zo. Ke ad da kason farko, ni ad da na ƙarshe. In ya cika, ki kira ni duk sunan da kika so." Ta ajiye rariya, ta ce ta ji.

A hanyar dawowa ne na gane irin ramin da na haƙa wa kaina. In buhun ya cika a ranar da bai kwana a ɗakina ba, ai na tabbatar mata da zarginta da bakina. Na koma ina roƙon Allah shinkafa ta gaza, ni da na yi wata uku ina roƙon ta cika. Ban taɓa shiga ruɗani irin na wannan makon ba.

Ranar rabon, buhu ya kwana a gidan ɗaya daga cikin malaman firamare, ita ta kawo shi da ɗinkinsa. Muka zauna a tabarma muna jira har la'asar ta wuce. Malama ta iso, ta duba ɗinkin, ta miƙa robarta. Inna ta yi bisimilla, ta cika kwano ya yi tozo, ta juye, ta ɗebo da hannu biyu ta ƙara.

"Allah shi ƙara albarka, Inna," in ji Malama, ba tare da ta ko lura ta faɗa ba.

Kwano na biyu, hannu biyu. Na uku, hannu biyu. Wata maƙwabciya ta shigo aron turmi, Inna ta ce ido na da hakki, ta zuba mata cikin tafin hannu a bakin zane. Ni ina zaune a ƙarshen layi da robata wayam, karo na farko da nake kallon awon a matsayin wadda za ta kwashi saura. Sai na ga idona ya bar kwanon ya koma kan hannuwan Inna. Duk sanda suka nutse a buhu, sai in ga kasona na raguwa. Wata uku ina kallon hannuwan nan suna wannan aiki, ina amsa musu da godiya, ban taɓa ganinsu ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Aka zo kaina. Inna ta karkaɗe buhun har kusurwoyinsa. Uku, da ɗan abin da bai rufe gindin kwano ba.

Abokiyar aikina ce ta fara magana, da ladabi: "Inna, gyaran ga da kika yi, shi na ka cinye kason na ƙarshe."

Inna ta dube ta kamar ta yi saɓo. "Gyara? Ɗiyata, tun ba a haihe ki ba nika awo, ban taɓa sallamar mutum ba gyara ba. Awo ba gyara ai rowa ta."

"Amma Inna, buhun ga ba na saidawa ba na. Namu na."

"To naku na, kuma ku nib ba. Wa nib ba in ba ku ba?"

Na juya maganar a kaina na kasa gano inda ta karkace, don gaskiya ne, mu ta ba. A cikinmu shinkafar ta ɓace, a tukwanenmu muka dafa ta, har da ni, kowa ta ci kwanon Malamar Mandera tana yi wa Inna addu'a.

Na ɗago na dubi Malama. Wata guda ina tanadin maganganun da zan gasa mata a wannan rana, na jera su tsaf, wasu har na gwada su a gaban madubi. Ita ba ni take kallo ba, robata take kallo. Ta san wannan ragowar, ta san yadda take kwanciya a gindin roba, sau uku tana ɗaukarta zuwa gida wurin yara huɗu. Sai ta matso a kan gwiwoyinta, ta jawo kwanon Inna, ta riƙa ɗebowa daga nata da hannu biyu tana zubawa. Sauran suka miƙo hannu za su taya ta, ta ce su bari. Ta cika shi ya yi tozo, ta juye mini.

Ta ɗan tsaya, sannan ta sake nutsa hannu biyu a robarta ta ƙara mini a kai.

"Ga gyara," ta ce. "Ki yahe mani, ƙanwata."

Na nemi maganganun nan nawa na rasa ko ɗaya. Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da kowa ke faɗa in an yi masa gyara. Na ce Allah shi ƙara albarka, na riƙe hannunta da shinkafa a manne a tafinsa.