Shaidar da Na Bayar a Gaban Mai Tulu

A cocinmu, idan Allah ya tashi kafaɗun wani naki daga ciwo, ba a yin shiru. Ranar Lahadi za ki ɗora abin godiyarki a ka, matan zumunta su raka ki da rawa tun daga bakin ƙofa har gaban bagade, sannan ki juyo ki ba da shaida. Kusan kowa da magana ɗaya take buɗewa: na yi kuka ga Ubangiji, ya ji ni. Tun ina yarinya nake ganin haka, ban taɓa jin komai a raina ba sai da abin ya zo kaina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, gidajen Kirista ba su da yawa, duk mun san juna. Ni da ƙawata kusan tare muka haihu, ni mace, ita namiji. Tare muke zuwa dashen shinkafa a gonar wani Alhaji, mu kwantar da yaran a zani ɗaya ƙarƙashin darbejiyar bakin kanal, mu shiga taɓo. Saurayen wurin ko da rana ba sa hutawa. Zazzaɓi ya kama yaran a mako ɗaya, adaidaita ɗaya ta kai mu asibiti, aka yi musu ƙarin jini a ɗaki ɗaya. Tawa ta tashi. Nata a bayanta ta goyo shi muka dawo, an rufe masa kai da mayafi.

Ita ce mai buga tulu a zumuntar mata. Babu wata da ta iya. Duk wadda za ta yi rawar godiya, da kiɗanta take takawa.

Da yarinyar ta fara cin tuwo, surukata ta auna shinkafa a kwarya, ta rufe da faifai, ta ajiye a kan randa. Ta ce, "Lahadi mai zuwa za ki fita. An gaya wa Mama." Matar fasto ke nan, haka muke kiranta.

Daga ranar na rasa sukuni. Idan na tsaya na ce ya ji ni, to ƙawata fa? Ta fi ni addu'a. Ta iya karatu, ni sai dai a karanta in saurara. A asibiti ni kuka kawai nake, ita ce ta durƙusa a kan siminti ta roƙa wa yaran biyu, har ma tawa ta fara ambata. Addu'ar wa aka ji ke nan? Ko an ji tata ce, aka amsa rabi?

Sai kuma tsoro ya kama ni. Na ce a raina, idan ina irin wannan tambayar, kada Ubangiji ya ga ban gode ba ya karɓe abinsa. Idan kuma na ƙi fita, nan ma rashin godiya ne. Ina tsinke ciyawa sai in yar, in fito da taɓo har gwiwa in taɓa goshin yarinyar. Ina daka sai in ajiye taɓarya in kara kunne a ƙirjinta. Har ta fara ture hannuna.

Na gwada maigidana yana gyara injin ban-ruwa. Bai ɗago ba, ya ce, "Ke dai ba kya rabo da neman magana. An ba ki, ki karɓa. Kada ki bari Inna ta ji wannan." Mahaifiyarsa yake nufi.

Na je wurin Mama, tana yanka tumatir za ta shanya. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "'Yata, shi ya san dalili."

Na ce, "Mama, ni ma na san ya sani. Ni ce ban sani ba, kuma ni za a tsayar in yi magana."

Ta ajiye wuƙar hannunta. Na zaci za ta yi mini faɗa. Sai ta ce, "Uku na binne kafin a kawo mu nan. Har yau ban samu amsa ba. Miƙo mini wancan kwandon." Abin da na samu ke nan. Na taho kaina ya fi da nauyi, don a da ina ganin ita kam babu abin da ya shige mata duhu.

Tun rasuwar nake kauce wa ƙawata. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun fi ni zama a gidanta, suna ta ce mata Allah ya sa mai ceto ne. Ni idan zan bi ta ƙofarsu sai in ja zani in rufe yarinyar. Ranar Asabar na same ta tana wanki a bakin kanal, babu hanyar da zan bi in wuce.

Ta ce, "Uwar 'ya, guduna kike? Kwanto ta in gani." Ta karɓe ta, ta ɗaga ta sama. "Kai, ji kumatu. Wannan ai ta cinye rabon mutum biyu."

Na ce, "Gobe ba zan fita ba. Ba zan iya takawa kina buga mini ba."

"To wa zai buga? Surukarki?" Ta yi 'yar dariya, ta koma kan wankinta. Na gaya mata duk abin da ke cina, ban rage ba. Ta ce, "Kin ɗauka ni ba na tambayarsa? Kullum sai na tambaye shi, wani lokacin da faɗa ma. Bai ce mini komai ba tukuna. To wa zan je in tambaya in ba shi ba? Ki fito. Yarinyar nan ni ma na roƙa mata."

Na fita. Kwarya a kaina, yarinya a baya, mata suna waƙa, tulu yana tashi kamar kullum. Ban kalli inda ƙawata take ba. Na juyo. Na ce, "'Yan'uwa, 'yata ta tashi, na gode wa Ubangiji. Yara biyu muka kai, ɗaya muka dawo da shi a raye. Ban san dalili ba. Ina ta tambayarsa, kuma ban daina ba. Ku taya mu addu'a, ni da 'yar'uwata."

Ba wanda ya yi guɗa. Surukata ta sunkuyar da kai. Can sai Mama ta ce amin, ita kaɗai, wasu tsofaffi suka bi ta a hankali. Sai tulu ya ɗauka, aka raka ni na zauna.

A hanya surukata ta ce, "Wannan shaida ce ko ƙara kika kai?" Ni ma ban sani ba. Na kai hannu baya na taɓa ƙafar yarinyar. Da sanyinta, babu zazzaɓi. Kafin mu tsallake kwalbati na sake taɓawa.