Shafi Biyun da Ba-Ribas Ya Manne

Shekara ashirin da bakwai Ba-Ribas ya yi yana jan tirela, kuma a tashar manyan motoci da wuya ka sami wanda ya san sunansa na yanka. Laƙabin ya samo shi ne a kan wata siririyar gada, ranar da ya yi kiciɓis da motar yashi. Ya kashe inji, ya zuba shayi daga filas, ya zauna har ɗaya direban ya gaji ya ja da baya. Siminti yake ɗauka da rodi, yana tsallaka iyaka uku a tafiya, uku a dawowa.

Kowace iyaka da hatiminta, na shiga da na fita. Abin da ke ci masa rai tun yana matashi shi ne yadda ake buga su. Jami'i zai buɗe fasfo, ya tsallake shafukan da ke da sauran wuri, ya nemi fari tas, ya dangwara hatimi a tsakiya, a karkace.

"Kamar akuya ta sami sabuwar tabarma," in ji shi. "Ga gefe, ga lungu, ita sai tsakiya. In ka ce, Yallaɓai, ga wuri nan a baya, sai ya tambaye ka ko kai za ka zo ka hau kujerar. Daga nan kuma motarka ta kwana a wurin."

Matarsa tela ce, a ɗakin tsakar gida kekenta yake. Bara ta fara kiran maƙwabciya ta zura mata zare a allura. Daga baya ta yanka hannun riga biyu duka na hagu. Likitan ido ya ce idonta na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma aikinsa sai a wani asibiti a ƙasar waje. Ba ta taɓa shiga jirgi ba. Ta ce ba za ta je ba sai da mijinta.

"Shekara kusan talatin kana barina kana yawon duniya," ta ce masa. "Wannan karon ni ce kayan da za ka ɗauka."

Asibitin ya ce a jira, za a aiko da rana. Ana cikin jira wani direba ya gaya masa cewa ofishin jakadancin ƙasar ba ya ba da biza sai fasfo yana da shafi biyu farare masu kallon juna. Ya duba nasa. Saura shekara biyu da rabi ya ƙare aiki, amma farare biyu ne cif suka rage, ga tafiya uku a gabansa. Sabuntawa na nufin ya ajiye mota makonni, mai motar kuwa ba ya barin taya ta huce, wani zai ba makulli.

"Wa ke cire taya da sauran zanenta?" Haka ya ce wa kansa.

Ya buɗe akwatin kayan aiki, ya ɗauko sholishon da yake facin tiyub da shi. Ya ɗiga da tsinken ashana a kusurwa huɗu, ya haɗe shafukan, ya sa fasfon a ƙarƙashin cinyarsa ya ja mota. Dabarar ta ci. Tafiya uku, babu jami'in da ya lura, kowa ya matsa hatiminsa a gefen na wani. Har a tasha ya ba da labari, wasu suka ce za su gwada.

Takardar asibiti ta iso, saura mako uku. Ya zauna a teburin ɗinkin matarsa da sabuwar reza. Kusurwa uku suka buɗe lafiya. Ta huɗun ta zo da fatar takardar, ta kwashe lambar shafin, ta bar tabo ruwan ƙasa.

A tagar biza, yarinyar da ke bayan gilashi ta karɓi na matar ta ajiye gefe. Ta juya nasa, ta ɗaga shi sama wajen fitila, ta kai hanci.

"Baba, me ka shafa a nan?"

"Adana muku shafin na yi, 'yata. Ga shi fari."

"Wannan lalataccen fasfo ne. Ba ma karɓa. Sai ka yo sabo."

Washegari ya tafi ofishin fasfo. Zaure ne mai benci na ƙarfe da fanka ɗaya mai aiki. Ya karɓi lamba, ya zauna tun hantsi har bayan azahar. Jami'in da ya kira shi ya ce fasfon da ya lalace ba kamar wanda ya ƙare ba ne. Sai ya rubuta bayani, ya kawo takardar rantsuwa daga kotu, sannan a ba shi ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu. Ranar da na'ura ta fitar ta wuce ranar tiyata da kwana tara.

Ya miƙa takardar asibiti. Jami'in ya karanta.

"Sunan wa ke jiki?"

"Iyalina."

"To, ita ce mai gaggawa. Kai lafiyarka ƙalau."

Nan Ba-Ribas ya miƙe. Ya buɗe fasfon yana juya shafi ɗaya bayan ɗaya a gaban mutane. "Duba nan. Hatimi ɗaya, shafi guda. Duba nan, shi ma ɗaya, kuma a kife. Da 'yan uwanka sun buga kamar masu hankali, da yau ina da shafi goma. Ku kuka cinye mini littafi, yanzu ku ce ni na lalata?"

Jami'in bai ɗaga murya ba. "Baba, hatimi namu ne. Sholisho naka ne. Lamba ta gaba."

A gida matar ta saurare shi har ya gama, fuskarta na kallon gefen da ba nan yake ba.

"Ko maɓalli ban taɓa sa wa rigarka ba sai na tambaye ka," ta ce. "Kai ka ɗauki idona ka shafa masa gam, ba ka ce mini uffan ba. 'Yan tasha sun sani, ni ban sani ba."

Suka kira asibitin. Aka ce idan ta bar wannan rana, sai bayan wata huɗu. Likitanta ya ce idon ba zai jira ba.

Ƙaninta malamin makaranta ne, yana da fasfo sabo fil da bai taɓa ganin hatimi ba. Ya zo da yamma yana dariya. "Yaya, ai da ka kawo mini na kai wa mai faci ya hura masa iska." Babu wanda ya taya shi. Aka yanke shi zai raka ta, cikin kwana shida aka ba shi biza.

Ba-Ribas ya ari ƙaramar mota ya kai su filin jirgi. Duk hanya yana yi wa surukin nasa karatu: ya tsaya ta hagunta, ya ce "mataki" kafin mataki ba bayansa ba, kada ya ja ta, ya bari ita ta riƙe gwiwar hannunsa. Malamin yana ta "to, Yaya" yana danna waya. 

A ƙofar shiga mai gadi ya tare shi, ya ce daga nan sai mai tikiti. Ya koma jikin gilashi. Yana gani malamin ya tsaya ta damanta, yana sauri, yana neman allon jirage. Ƙafarta ta bugi keken kayan wani, ta yi taga-taga, ta miƙa hannu tana lalube a iska.

"Ta hagu, kai," in ji Ba-Ribas, yana dukan gilashin da tafin hannu. "Na ce maka ta hagu."

Gilashin mai kauri ne. Ba su waiwayo ba.